Janar da Bindigar Famfo

A layin nan babu wanda ya tuna ranar da aka fara kiran mai gyaran famfo da suna Janar, amma kowa ya san dalili. Tun yana saurayi ya je neman shiga soja, aka zagaya ƙirjinsa da tef, aka ce ya koma gida ya ƙara cin abinci. Shi kuwa in yana ba da labarin, cewa yake yi manyan ne suka kalli ƙwayar idonsa suka tsorata, don sun san in ya shiga ba za a yi shekara biyar ba sai ya raba su da kujerunsu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana kwance famfo yana ɗaura famfo. Ƙirjin bai ƙaru ba sai tumbi, amma har yau ko kwata zai tsallaka sai ka rantse fareti yake dubawa.

Wata Talata da rana tsaka aka shiga gidan malamin makaranta, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da gidan Janar, aka ɗauke janareta. Malam yana aji, matarsa ta tafi asibiti. Ɓarayin da baro suka zo, suka ɗora, suka tura abinsu har bakin titi. Wata tsohuwa ma ta ce ta gan su, har ta yi musu sannu da aiki.

Da yamma maza suka taru a bencin ƙofar shagon mai aski, inda ake yanke duk wata shari'ar layin. Bayan an gama jajantawa aka tsayar da magana a kan a kafa ƙungiyar tsaro, a naɗa mata shugaba. Mai aski, wani siririn mutum wanda almakashinsa bai kai harshensa kaifi ba, ya ce a ba Malam tunda shi abin ya ci. Janar ya ji maganar kamar an taka masa ƙurji. Ya miƙe, ya gyara zaman wandonsa a ƙasan tumbi, ya ce shi bai ga amfanin ƙungiyar da makaminta alli da jan biro ba. Ɓarawon zamani, in ji shi, ba ya jin usur, ba ya jin tocila, ƙara ɗaya tak yake ji.

"Bindiga zan saya," ya ce. "Irin wadda ake ja a tura, ta ce ƙaras-ƙaras. Bindigar famfo ake ce mata. To ku gaya mini, duk garin nan wa ya kai ni sanin famfo?"

"Babu," in ji mai aski. "Na shagona sau uku kana gyara shi, kuma har yau da bokiti nake ɗebo ruwa."

Aka yi dariya. Janar ya ce a yi ta da kyau, don ranar da ya shigo layin da abarsa a kafaɗa bakin kowa zai mutu. Nan take aka shirya da shi: in ya samo bindiga da takardarta cikin mako biyu, shugabanci nasa ne. Malam, wanda dama ba ya son rigima, shi ne ya fara amincewa.

Matar Janar tela ce, a falo take ɗinkinta, yaransu biyu kuma suna makarantar kwana. Ta saurari shirin nasa daga farko har ƙarshe da allura a bakinta. Da ya gama ta zare allurar, ta tuna masa cewa a watan jiya da ɓera ya shiga kicin a kan kujera ya tsaya yana ba da umarni, ita ce ta kashe shi da tsintsiya. Janar ya ce ai babban hafsa ba ya shiga fagen daga, tudu yake hawa ya duba yadda yaƙi ke tafiya.

"Baban yara," ta ce, "ni ba bindiga nake tsoro ba, mai riƙe ta nake tsoro. Ranar da ta shigo ta ƙofar gaba, ni da kekena ta ƙofar baya za mu fita, sai gidan Yaya."

Ya ce mata haka mata suke, in an kawo za ta saba. Ta mayar da allurar bakinta ta ci gaba da taka keke.

Washegari ya sa baƙin tabarau da takalmin roba mai dogon wuya, wanda yake shiga rijiya da shi, ya nufi shagon bindiga. Mai aski ya kulle shagonsa ya bi shi, ya ce irin wannan kallo ba a jiran a ba ka labari.

Shagon yana can ƙarshen gari bayan rumbunan ajiya, ƙofarsa ta ƙarfe, sai an danna ƙararrawa ake buɗewa. Ciki kuwa sai warin mai da sanyin siminti, ga bindigogi jere a bango cikin keji. Mai shagon dattijo ne, tsohon maharbi, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, yana magana a hankali kamar ana sayen kalmomin da awo. Bai taɓa ko bindiga ɗaya ba sai da ya jera wa Janar tambayoyi. Farauta zai yi ko tsaron gida? Su nawa ne a gidan? Yaya faɗin lungun da ke tsakanin ɗakuna? Akwai maƙwabci a bayan bango? Ya taɓa harbi?

Janar ya ce ya harba abin da ya fi duk na bangon nan. Gaskiyar magana kuwa, abin da ya taɓa harbawa a duniya bindigar iska ce a wurin wasan yara, aka ba shi harbi biyar a kan balan-balan, bai fasa ko ɗaya ba.

Dattijon ya dube shi ta saman gilashinsa, sannan ya sauko da guda uku. Kowace sai ya buɗe ta, ya leƙa, ya zura yatsa, ya nuna musu babu harsashi, kafin ya kwantar da ita a kan kanta. Ta farko gajeriya ce mara nauyi, ya ce mai lamba ashirin ce. Ta biyu ta ɗan fi ta jiki, mai lamba goma sha biyu. Ta uku ma goma sha biyu ce, amma doguwa ce sambal, in aka tsayar da ita a ƙasa sai ta kai wa Janar haɓa.

Janar ya ɗora hannu a kan ta farko, ya tambaya ko ashirin ce ƙarshe, babu mai lamba hamsin ko ɗari, don shi ba ya son ƙananan abubuwa. Dattijon ya ce masa a wannan harka lamba in ta hau baki ne yake tsukewa, goma sha biyu ta fi ashirin faɗin baki da ƙarfin duka. Janar ya ɗauke hannunsa kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

"Na sani," ya ce. "Gwada ka nake yi, Baba."

"Ka ci jarrabawa, Baba," in ji mai aski. "Janar ba ya barin kowa ya sayar masa da abu sai ya tabbata mutumin ya fi shi sani. Shi ya sa duk kasuwa abokansa ne."

Dattijon bai kula su ba. Ya ce in shawara ake nema, gajeriyar ita ce ta gida. Bindigar tsaro ba wadda ta fi ban tsoro ba ce, wadda mutum zai iya ɗagawa ce, ya juya da ita a lungun gidansa, kafaɗarsa kuma ta ɗauki naushinta. Doguwar ta masu harbin agwagwar ruwa ce a fili. Ya ƙara da cewa harsashi bai san ɓarawo ba, bai san maƙwabci ba, in ya samu bango marar kauri wucewa yake yi.

Duk wannan ta bayan kunnen Janar ya bi. Idonsa na kan doguwar, yana hango kansa a bakin layi da ita a kafaɗa, mata na leƙe ta taga. Ya ce ita yake so, don ɓarawo ya kamata ya hango ta tun daga wata unguwa. Ya sunkuce ta da hannu biyu, nauyinta ya ja shi gaba, ya turje, ya juya da ita don ya nuna yadda zai tare ƙofa. Bakinta ya share kwalin huluna daga kan kanta, ya doki fitilar da ke rataye, ya zo ya tsaya daidai hancin mai aski. Kafin ƙiftawar ido mai aski yana ƙarƙashin tebur.

Dattijon ya sa tafin hannu ya danne bakin bindigar ƙasa. Ya ce doka ta farko ke nan, ko da harsashi ko babu, bakinta ba ya kallon mutum. Sannan ya nuna masa mariƙin katako da ke ƙarƙashin bututun, ya ce shi ake ja baya har ƙarshe, a tura gaba har ƙarshe.

Nan ne Janar ya ce a matsa masa, an zo fagensa. Ya ja mariƙin da ƙarfin da yake kwance tsohon famfo mai tsatsa, ya tura. Bindigar ta ce ƙaras, ba ta kai ga na biyun ba, don ta haɗa da fatar gefen hannunsa da bakin rigarsa ta cije. Janar ya haɗiye ihun da ya taso masa. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin baƙin tabarau.

"Kuka kake yi, Janar?" in ji mai aski daga ƙarƙashin tebur.

"Warin man bindiga ne. Yana tuna mini da wasu wurare."

Sai da dattijon ya danna wani ɗan maɓalli sannan ta sake shi. Ya mayar da ita keji, ya ce ba za ta fita daga shagon nan ba sai an cika abu uku: akwatin ƙarfe mai makulli da aka kafe a bangon gida, takardar izini daga hukuma, da gwajin harbi a filin bayan shago. Ita takardar kuma ba ta fitowa sai shi ya sa hannu cewa ya ga harbin mutum da idonsa. Ya ba shi Asabar ta sama.

Janar ya ga ba zai koma layi hannu rabbana ba. Ya roƙi dattijon ya ba shi ko kwalin bindigar ne, don ya auna wurin ajiya. Da shi ya shigo layi a kafaɗa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da nauyi, yana cewa a kauce. Mutane suka fara kaucewa da gaske, sai iska ta taso ta fige kwalin ta maka shi a ƙofar shagon mai wanki, ya buɗe, babu komai ciki sai takardar bayani. Mai aski ya ce shi dama bai ce komai ba, iska ce ta yi gulma.

A gida Janar ya yanko bututun ruwa na ƙarfe daidai tsawon doguwar bindigar, ya ce da shi zai yi atisaye kafin Asabar. Ya ce matarsa ta zama ɓarawo, ta ce tana da ɗinkin mutane. Don haka shi kaɗai ya shiga yaƙin. Ya fito daga ɗakin kwana da gudu, bututun ya gicciye a lungu, kai ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, tsakiyarsa ta karɓe shi a tumbi. Ya zauna a ƙasa yana neman numfashi. Da ya farfaɗo ya ce kuskuren na magini ne, ya ɗaga bututun sama ya sake fitowa. Wannan karon ƙwan lantarki ne ya tafi. A falo kuma fanka tana kan gudu, fiffikenta ya kama bakin bututun, ta fizge shi daga hannunsa, ta yi jifa da shi cikin kabad ɗin tangaran. Tun daga ranar fankar take juyawa da fiffike ɗaya a lanƙwashe, tana kuka kamar akuya.

Matarsa ta ɗauko tsintsiya. Ta tsince fasassun kofuna, ta ja kekenta zuwa tsakar gida ƙarƙashin inuwa, ta ci gaba da aiki.

Ranar Alhamis aka kawo akwatin ƙarfe. Janar ya aro injin huda bango, aka ba shi tsinke uku ya zaɓa, ya zaɓi wanda ya fi tsawo. Ya kafa shi a bangon ɗakin kwana, ya jingina da dukan tumbinsa. Bangon ya yi gardama kaɗan, sai kuma ya sallama gaba ɗaya, injin ya shige har wuya. Daga can ɗaya gefen aka ji tartsatsin gilashi da salatin mace.

Ba a jima ba Malam ya yi sallama. Kansa fari fat da garin siminti, a hannunsa ga takardar shaidar karatunsa cikin firam, an huda ta daidai kan sunansa.

"Maƙwabci," ya ce a hankali, "ɓarayi sun ɗauki janareta, amma sun bar mini bangona."

Janar ya ce ai wannan huda alheri ce, ta nan zai riƙa sa ido a kan gidaje biyu lokaci guda. Malam ya ce ɗakin kwanansa ne. Ya tsaya yana duban hudar, sannan ya tambaya, in tsinke ya wuce haka cikin sauƙi, ina ga harsashi? Janar ya ce harsashinsa ba zai yi kuskure ba. A ranar Malam da matarsa suka ja gadonsu zuwa falo, suka cusa tsumma a hudar. Kafin Juma'a magana ta zagaye layi, waɗanda suke dariya da farko suka fara auna kaurin bangonsu da tafin hannu. Mai wanki ma cewa ya yi shi ya gwammace ɓarayin, don su aƙalla sun san abin da suka zo ɗauka.

Janar ya ji ƙishin-ƙishin ɗin, ya ce hassada ce, maganinta kuma gani da ido. Ya bi gida gida ya gayyaci kowa filin gwaji.

Asabar da hantsi layin ya kwashe kaf ya tafi. Matarsa ma ta zo, da jakar kaya a hannu. Ya tambaye ta ta mece ce, ta ce daga filin za ta san hanyar da za ta bi, ta gida ko ta gidan Yaya.

Filin dogo ne, an kewaye shi da katanga. Can ƙarshensa tudun yashi ne, a gabansa an kafa allo mai zanen mutum, taku goma sha biyar daga inda mai harbi ke tsayawa. A baya akwai rumfar kwano da bencina ta 'yan kallo, a gefen wurin tsayawar kuma tankin ruwa na roba a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Dattijon ya sa kowa ya zauna a rumfa, ya ce kada wanda ya tsallake farin layin da ke ƙasa.

Janar ya fito cikin sabuwar riga mai aljihu huɗu. Dattijon ya miƙa masa abin toshe kunne, ya ce ba ya so, jarumi da kunnensa yake jin yaƙi. Dattijon ya nuna masa nasa kunnen na hagu, ya ce shi ma haka ya ce shekara arba'in da suka wuce. Ya kifa masa abin a ka da hannunsa. Daga nan Janar bai ƙara jin komai ba sai bugun zuciyarsa, kuma duk maganar da zai yi sai ta fito da ƙarfi kamar yana kiran wani a hayin kogi.

Harsashi ɗaya tak dattijon ya sa wa doguwar bindigar, irin mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, ya miƙa masa, ya tsaya dab da kafaɗarsa. Janar ya ji ta fi ranar nan nauyi. Ya ɗaga, ya auna allon, ya runtse ido, ya ja kunama. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Wani sanyin daɗi ya ratsa shi, ya buɗe ido ya sanar da cewa bindigar ta lalace, ba laifinsa ba ne, ya fara juyowa da ita don jama'a su shaida. Rumfa ta watse. Mai wanki ya haye kan Malam, benci ya kife, mai aski ya kwanta ruf da ciki yana kalmar shahada. Matar Janar kaɗai ce ba ta motsa ba, tana zaune da jakarta a cinya.

Dattijon ya riga ya cafke bututun tun bai yi rabin juyi ba. Ya mayar da bakin wajen yashi, ya nuna masa maɓallin kulle da bai buɗe ba, ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban idonsa, alamar saura dama ɗaya. Ya kama gindin bindigar ya manna masa a kafaɗa, ya buga wurin sau biyu don ya gane a nan za ta zauna.

Amma Janar ya ji labarin naushin da take yi, kuma a lissafinsa abin da zai naushe ka ba ka manna shi a jiki. Dattijon na ɗauke hannu ya janye ta daga kafaɗar kamar faɗin tafi. Nauyinta ya rinjaye shi, dogon bakin yana sunkuyawa yana ɗagowa. Ya ga tsayuwar tasa ba ta yi kama da ta jarumai ba, ya ja ƙafar dama baya don ya buɗe ƙirji. Dunduniyarsa ta sauka a kan wani tsohon kwanson harsashi. Kwanson ya murgina, ƙafar ta tafi, tumbi ya bi ta, bakin bindiga ya kalli sama, yatsa kuma yana kan kunama.

Ƙarar ta tayar da tsuntsayen unguwa uku. Gindin bindigar ya zo ya same shi a kafaɗa kamar an sako ƙofar mota, ya kwanta rigingine, ƙafa ɗaya ba takalmi. Dattijon ya karɓe bindigar tun tana iska.

Janar yana kwance, ido a rufe, kafaɗarsa ta mutu. Sai ya ji wani abu mai ɗumi yana zubo masa a ƙirji, yana gangarawa wuya, yana jiƙa sabuwar riga. Ya san ta faru ta ƙare. Bai san tankin ne ya huje ba, ruwan da rana ta dafa yana tsiyayowa ta ƙananan huda kamar shawa. Jama'a suka taso suka kewaye shi, shi kuwa ba ya jin su, ba ya ganin su. Ya buɗe baki ya fara wasiyya da muryar da ta kai bakin titi.

"Maman yara, ki yafe mini. Ban taɓa harba bindiga ba sai yau. Madubinki da na ce iska ce ta kayar, ni ne. Ku ce wa Malam shi ma ya yafe mini. Ranar da aka ɗauki janaretansa ina gida. Na gan su ta taga, su biyu ne, ɗayan ma gurgu ne. Na kulle ƙofa na shige ƙarƙashin gado, ban fito ba sai da na ji ƙarar baro ta yi nisa."

Ruwa ya ci gaba da zuba. Matarsa ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta zare masa abin toshe kunnen.

"Ruwa ne, Baban yara. Tashi."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga tanki, ya ga fuskokin layinsu kaf a kansa, ya ga Malam yana dubansa kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Mai aski ne ya fara, wata irin dariya mai shaƙewa, sai ta kama kowa. Mai wanki har da zama a cikin taɓo. Janar ya yi ƙoƙarin cewa zafin harbi ne ya sa shi sambatu, amma Malam ya tambaye shi ta yaya ya san ɗayan gurgu ne, alhali tsohuwar da ta gan su ma ba ta faɗi haka ba.

Dattijon ya ciro takardar izinin daga aljihu, ya ninke ta huɗu, ya mayar. Ya ce hannunsa ba zai hau kanta ba, ko bana ko baɗi, kuma da gajeriyar ya zaɓa ma amsar ke nan. Sannan ya ce ya ji an ce shi mai gyaran famfo ne, ga tanki, ga tsani a jingine, ba mai fita filin nan sai ruwa ya tsaya.

A nan ƙarƙashin rumfa, kafin a watse, maza suka naɗa Malam shugaban tsaro, aka ce kowane gida ya sayi usur da kwaɗo mai kyau, a kuma sa ƙofa a bakin layi. Babu wanda ya tafi gida, don kallo bai ƙare ba. Aka aiko da jakar kayan aikin Janar, ya tsaya a gindin tsani da hannu ɗaya mai aiki, riga a manne da tumbi, yana jiran wanda zai riƙe masa. Maza suka shiga duban sama. Matarsa ce ta zo ta kama.

Ya hau da ƙyar, mataki ɗaya nishi ɗaya. Da ya isa sama ya daɗe yana shafa jikin tankin yana motsa baki, sai ga shi ya juyo, murya ta fara dawowa.

"Huda talatin da ɗaya," ya ce. "Da harbi ɗaya. A cikinku wa ya taɓa yi? Da ɓarawo ne a kan tankin nan, da yanzu ana wani zancen."

"Sai mu aika musu," in ji mai aski, "daga yau su riƙa zuwa ta sama."

Dattijon ya ce allon ma yana gaishe shi, ko ƙwarzane bai samu ba.

Janar ya yi kamar bai ji ba. Ya matse gam a huda ta farko, ruwa ya fito ta ta biyu ya same shi a ido. Tsanin ya yi rawa. Ya leƙo ƙasa, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji, ya tambaye ta ko har yanzu gidan Yayan za ta. Ta ce tunda bindiga ta zauna a shagonta, ita ma za ta zauna a ɗakinta, amma maganar madubi tana nan, sai sun koma.

"To riƙe tsanin da kyau," ya ce.

"Ina riƙe," ta ce. "Shekara ashirin ke nan ina riƙe. Yi aikinka."